Kalangun ya daina magana a waya, ko kunnen Baba ne?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah masu ilimin kayan sauti ku taimaka mani da shawara, abin ya kwana biyu yana damuna. Mahaifinmu nan Ƙofar Ƙaura yana da wata tsohuwar na'urar CD da amfilifaya da sifiku biyu manya na katako, tun muna yara suke a falonshi, kullum bayan la'asar zai sa faifai ya kishingiɗa yana saurare. To yanzu na'urar ta fara gardama, wani lokaci ta ce babu faifai alhali ga faifan a ciki, wani lokaci tana cikin yi sai ta kama tsalle. Sai na ce mashi Baba bari in hutar da kai, na je aka cika mashi memori da waƙoƙin da yake so, yawanci na Shata ne da sauran makaɗan da, na sayo wani ɗan akwatin Bluetooth na jona da amfilifayar yadda daga wayarshi zai riƙa kunnawa. Ranar farko ko minti biyar ba a yi ba ya ce in kashe. Wai kalangun ba ya magana, kamar an rufe makaɗan a ɗaki an ja ƙofa. Ni na saurara na ji ɗan bambanci amma bai kai yadda yake faɗi ba. Shin da gaske CD ya fi waya sauti ne, ko sabo ne kawai? In gyara mashi na'urar ko in haƙura da ita?

Autan Layout:
Wa alaikumus salam Yaya. Gaskiya sabo ne kawai. Yanzu wa ke ta CD, ko laftof ɗin yanzu ba su zuwa da wurin sa faifai. Ni duk waƙar da nike so tana Audiomack ko Boomplay ko YouTube kuma garau nike jinta a iyafis. A ba Baba sati biyu zai saba.

Dattijo Daura:
Yaro, ba a cewa kunnen babba sabo ne kawai. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana jin kiɗa ɗaya, in aka taɓa kiɗan zai sani ko da bai iya faɗin abin da aka taɓa ba. Ni ma haka nike ji. Na waya bushe yake, ba mai a jikinshi.

Autan Layout:
Allah ya huci zuciyarka Baba, ban faɗa da raini ba.

Malamin Fiziks:
Abban Sadiq kafin a yi nisa bari in gyara wani abu, don da yawa muna ɗauka CD daban, dijital daban. CD ɗin kanshi dijital ne. Ba kamar kaset ko faifan garmaho ba ne, lambobi ne zalla a rubuce a jikinshi, hasken leza ke karanta su. Kamfanonin Sony da Philips suka haɗu suka fito da shi, aka fara sayarwa a Japan a 1982. Yadda aka tsara shi, a kowane sakan ɗaya ana auna sautin sau 44,100, kowane awo ana rubuta shi da bit 16, bit shi ne ƙwayar lamba ɗaya sifili ko ɗaya, kuma hannu biyu ne hagu da dama. In ka ninka su zaka samu 1,411 kbps, ma'ana bit dubu 1,411 a kowane sakan, wato kusan megabait 10 a minti ɗaya. Shi ya sa faifai ɗaya minti 80 kawai yake ɗauka.

MP3 kuma a Jamus aka yi aikinshi a cibiyar Fraunhofer, ya fito farkon shekarun 1990, lokacin intanet ba ƙarfi kuma wurin ajiya na da tsada. Dabararshi ita ce ya duba sautin ya zubar da abin da yake ganin kunne ba zai lura ba, misali ƙaramin sauti da babba ya danne. MP3 mai 128 kbps kusan megabait 1 ne a minti, ka ga an rage kusan kashi goma cikin goma sha ɗaya. To tambayar ba CD ko waya ba ce, tambayar ita ce wane irin fayil aka zuba ma Baba a memorin nan, kuma ta wace hanya yake bi kafin ya iso sifika.

Abban Sadiq:
Malam na gode, wallahi ban taɓa sanin CD ma dijital ba ne. To ya zan gane irin fayil ɗin?

Malamin Fiziks:
Ka buɗe bayanin fayil ɗin a waya ko kwamfuta, ka duba girmanshi da tsawon waƙar. Ka raba ka gani. In waƙa mai minti 20 ka iske megabait 10 ko ƙasa da haka, to 64 kbps ce ko ma ba ta kai ba.

Abban Sadiq:
Na duba guda uku yanzu. Akwai mai minti 24 tana 11MB. Akwai mai minti 13 tana 6MB. Ɗayar ma minti 30 ce 7MB.

Malamin Fiziks:
To ka gani. Biyun farko wajen 64 ne, ta ukun kau wajen 32 ce. Baba na da gaskiya, ba kunnenshi ba ne.

Mai Shagon Turi:
Salamu alaikum, tunda magana ta zo kan sana'armu bari in sa baki kar a ce mu ke ɓata ma mutane waƙa da gangan. Wallahi yawancin tsofaffin waƙoƙin nan mu ma haka muka same su. Wani ya ɗauko daga kaset shekara da shekaru, wani ya sa mata hoto ya mai da ita bidiyo ya ɗora a intanet, wani ya sauke bidiyon ya ciro muryar ya mai da ita MP3, ta bi Xender ta bi WhatsApp har ta iso kwamfutata. Ni ban san hannu nawa ta bi ba. Kuma kwastoma in ya zo da memori mai 2GB cewa yake a cika mani waƙa dubu, ba wanda ya taɓa ce mani ina son mai nauyi. In na zuba mashi guda 150 masu kyau sai ya ce na cuce shi, gobe ya tafi shagon gaba. Amma in mutum na son mai kyau akwai manhajar da nike mai da su 320 kbps, sai dai su ci wuri.

Malamin Fiziks:
Ɗan'uwa a nan ne zan ɗan saɓa maka, kuma ba laifinka ba ne don da yawa haka suka ɗauka. In ka ɗauki fayil mai 64 ka mai da shi 320 ba abin da ya ƙaru sai nauyi. Kamar nono ne, in an riga an kaɗe shi an tsame man ya zama tsala, ko ka juye shi a babbar ƙwarya ba zai koma kindirmo ba. Hasali ma duk juyin da aka yi daga MP3 zuwa MP3 sai an ƙara zubar da wani abu, kamar hoton takarda ne da aka yi ma fotokwafi, aka sake yi ma kwafin kwafi, a na biyar rubutun ya fara dushewa. Tura fayil ta Xender shi ba ya rage komai, kwafi ne daidai wa daida. Inda ake asara shi ne wurin juyawa, daga kaset zuwa MP3, daga MP3 zuwa bidiyo, daga bidiyo a dawo MP3.

Mai Shagon Turi:
Ikon Allah. Ashe wahalar banza nike. To FLAC ɗin da wani yaro ya taɓa zuwa yana tambayata fa, shi ma haka ne?

Malamin Fiziks:
A'a shi daban ne. FLAC ya fito a 2001, shi ba ya zubar da komai, ninkewa yake kamar yadda zaka ninke babbar riga ka sa a jaka, in ka warware rigarka na nan yadda take. MP3 kau yanke hannun rigar yake don ta shiga jakar. In ka kwafe CD zuwa FLAC girman na raguwa wajen rabi ko sama da haka kaɗan, amma lambobin da za su fito in an kunna su ne dai na faifan, ba bambancin ko bit ɗaya. Sharaɗin dai daga faifan na asali za a ɗauko, in daga MP3 ka juya zuwa FLAC an koma maganar tsala.

Injiniya Mai Gyara:
Ina ta karatu ina jin daɗi, Malam Allah ya ƙara basira. Ni ba zan iya lissafin nan naku ba amma shekarata ashirin da wani abu ina buɗe cikin kayan nan, bari in faɗi nawa. Na farko Abban Sadiq kar ka yar da na'urar. Abin da ka lissafa, ta ce babu faifai, ta yi tsalle, mafi yawa ƙura ce ta hau idon da ke karanta faifan. Mu nan Katsina in hunturu ya shigo ba abin da ƙura ke bari, ga falo a buɗe ga fanka na kaɗawa. Ana goge idon a hankali da auduga da ɗan sifirit, a sa ma layin da idon ke tafiya a kai ɗan maiƙo, a duba belt ɗin tire. In idon ya mutu ne gaba ɗaya shi ne ake neman wani, kuma na tsofaffin nan samunshi sai an sha wuya, wani lokaci sai dai a ciro a jikin wata matacciya.

Na biyu, ɗan akwatin Bluetooth ɗin nan naka nawa ka saye shi, kuma da me kake ba shi wuta? Don irin masu arhar nan in ka sa masu cajar waya ta gangan zaka ji wani zuuu a ƙasa-ƙasa, kuma ƙarfin da suke fitarwa bai kai na na'urar CD ba. Sai ka ga mutum ya bar bolum ɗin waya a rabi, ya je ya murɗe na amfilifaya, sautin ya fito siriri ga hayaniya. Na uku ka duba kebul ɗin, na sha ganin wanda hannu ɗaya ya katse a ciki ko an jona shi yadda sifiku biyun abu ɗaya suke faɗi.

Abban Sadiq:
Injiniya kamar kana falon. Mai arha ne gaskiya, kuma da tsohuwar caja na haɗa shi. Bolum ɗin wayar Baba kau bai taɓa wuce rabi ba don ya ce ƙarar kira na firgita shi.

Malamin Fiziks:
Ƙari a kan maganar Injiniya, Bluetooth shi ma matse sauti yake kafin ya tura. Wanda kowace na'ura ke da shi ana ce mashi SBC, iyakarshi wajen 328 kbps in komai ya yi daidai, in sigina ta yi rauni ya sauka ƙasa. Akwai masu dama kamar aptX da LDAC na Sony wanda ke kai 990, amma sai wayar da akwatin duk suna da shi. To ka duba tafiyar waƙar Baba, an matse ta ta koma 64 ko 32, Bluetooth ya sake matse ta, ta faɗa ƙaramin akwati mai cajar gangan. CD kuma daga faifai sai amfilifaya kai tsaye. Ai ba a yi ma wayar adalci ba a wannan gasa.

Autan Layout:
Amma Malam na taɓa karantawa wai mutum in ya tsufa ba ya jin sauti mai tsini sosai. To in MP3 saman yake yankewa, ya za a yi dattijo ya gane? Tambaya nike don in ƙaru.

Malamin Fiziks:
Tambaya mai kyau Auta. Gaskiya ne kunnen yaro lafiyayye na jin girgiza daga 20 zuwa 20,000 a sakan, kuma saman na raguwa da shekaru. MP3 mai 128 yawanci wajen 16,000 yake yankewa, wannan kam dattijo da wuya ya lura. Amma 64 da 32 yankan na sauka ƙasa sosai har inda kowa ke ji. Sannan ba yanke sama kaɗai ba ne matsalar. MP3 gutsure-gutsure yake ɗaukar sauti yana matsewa, to in aka zo wurin bugu mai kaifi kamar saukar makaɗi a kan fata, sai kaifin ya baje, wata 'yar hayaniya ta riga bugun fitowa. Kalangu kuma duk maganarshi a nan take, saukar bugun da yadda makaɗi ke matse tsirkiya a hammata murya ta hau ta sauka. In bakin bugun ya dakushe dole wanda ya san kalangu ya ce ba ya magana. Kalmar da Baba ya zaɓa ta fi duk bayanina daidai.

Dattijo Daura:
Madalla Malam. Abin da na kasa faɗi kenan. Mu da muka ga makaɗan nan da idonmu a filin biki, mun san yadda kalangu ke kiran sunan mutum. Shata a nan Daura aka rufe shi a 1999, kuma har yau akwai gidajen da kaset ɗinshi ke ajiye a akwati. Ni a wurina ma kaset ya fi CD ɗin daɗi, ya fi taushi.

Injiniya Mai Gyara:
Baba Allah ya ƙara girma, taushin nan da kake ji gaskiya ne akwai shi, amma kaset na da nashi ciwon. Akwai shuuu ɗin da ba ya rabuwa da shi, zaren na miƙewa, in belt ya saki sai murya ta riƙa lilo, kuma duk saurare ɗaya kan na ɗan cin zaren. Wanda ke da kaset mai kyau na waƙoƙin da, taimakon da zai yi ma jama'a shi ne a kwafe shi yanzu da dek, wato na'urar kunna kaset, mai lafiya tun zaren bai manne ba.

Maman Hanifa:
Sannunku da ƙoƙari. Ni tambayata ta karatu ce ba waƙa ba. Hajiyarmu na sauraren tafsiri da karatun Alƙur'ani a irin ƙaramar rediyon nan mai memori, shi ma sai an nemi FLAC ɗin? Don wani karatun in an turo a WhatsApp muryar sai ta riƙa yin kamar a cikin ruwa.

Malamin Fiziks:
Hajiya muryar mutum ɗaya ba ta da nauyin kiɗa, MP3 mai 128 da aka yi daga asali mai kyau ya wadatar sosai, balle a ƙaramar rediyo. Wanda kike ji kamar a ruwa yawanci an danna maɓallin saƙon murya ne aka ɗauka daga wata sifikar, ko an juya shi sau da yawa. Ki ce a riƙa turo maki fayil ɗin a matsayin dokumen, haka zai iso yadda yake ba a taɓa shi ba.

Maman Hanifa:
To na gode Malam, Allah ya saka da alheri.

Mai Shagon Turi:
Wani abu ya faɗo mani. Abban Sadiq faifan Baba guda nawa ne waƙa a kowane? Don a kasuwa da can ana buga faifai mai waƙa ɗari da wani abu, wannan sunanshi CD amma MP3 ne a ciki. Akwai kuma VCD mai hoto. Kar a je Baba ma MP3 yake ji tuntuni.

Abban Sadiq:
Kai wannan magana ta sa na tashi na je gidan da daddare. Na ƙirga faifai 43. Guda 31 waƙa uku zuwa takwas ne a kowane, in na sa a kwamfutar ƙanena sai ta nuna su a matsayin faifan sauti. Guda 9 MP3 ne cike da waƙoƙi, 3 kuma VCD. Na tambayi Baba wanne ya fi so, ya ware mani guda shida ba tare da ya san bambancin ba, kuma duk shidan cikin 31 ɗin nan suke. Masu MP3 ɗin ya ce dama na mota ne, tsohuwar na'urar falo ba ta ma karanta su.

Injiniya Mai Gyara:
Ka juya bayansu ka gani. In fari ne kamar azurfa to bugun kamfani ne, in kore-kore ne ko shuɗi-shuɗi to na ƙonawa ne a kwamfuta. Na ƙonawan nan wani rini ne a ciki leza ke ƙonawa, zafi da rana na kashe shi a hankali, ga zafin Katsina a watan huɗu. Kuma mutane na kula da ƙasan faifai su manta saman, alhali bayanan sun fi kusa da saman inda ake rubutu, in nan ya kankare an gama.

Abban Sadiq:
Kusan duka kore-kore ne Injiniya, wani abokin Baba ne ya yi mashi su daga kaset ɗinshi tun da daɗewa, shi ma ya rasu Allah ya jiƙanshi.

Dattijo Daura:
Allah ya jiƙanshi da rahama. To wannan ai amana ce a hannunka ba faifai ba.

Malamin Fiziks:
Amin. Ka ga abin da ya sa suka yi daɗi, daga kaset mai kyau aka ɗauko sau ɗaya tak ba a matse ba. Shawarata kar ka jira gyaran na'ura, gobe ka fara kwafewa. Akwai manhaja kyauta a Windows sunanta Exact Audio Copy, ita in ta iske wuri mai wuyar karantuwa sai ta yi ta maimaitawa har ta tabbatar, kuma ta gaya maka in an samu kuskure. Ka fitar da su FLAC. Faifai ɗaya cikakke zai ci kamar 300 zuwa 400MB, guda 31 ba za su wuce 13GB ba, memori mai 32GB ya ɗauke su har da saura. Ka aje kwafi biyu a wuri daban-daban, don memorin jabu sun yi yawa, zai nuna maka 32 alhali cikinshi bai kai ba sai ka zo buɗewa ka iske wayam. Bayan nan in kana so mu yi gwaji na gaskiya, waƙa ɗaya kala huɗu, faifan kanshi, FLAC, MP3 mai 320 da aka yi daga faifan, da tsohon na memori. A jona waya da kebul ɗin AUX ba Bluetooth ba, a daidaita ƙarfin murya don kunne kullum wanda ya fi ƙara yake cewa ya fi daɗi, kuma kar Baba ya ga wanda aka kunna.

Autan Layout:
Yaya in za a yi gwajin nan dan Allah a kira ni, ina so in ji da kunnena. Ina da ɗan DAC na USB, mai mai da lambobin waƙa sauti, da nike sa ma wayata tunda ba ta da ramin iyafis, zan taho da shi.

Injiniya Mai Gyara:
Ku kashe fanka lokacin gwajin, kuma ku yi sa'ad da akwai wuta ba janareta na ruri a tsakar gida ba. Sannan ku ɗan janyo sifikun daga lungu kamar taku ɗaya, in suna manne da kusurwa bes ɗin na kumbura ya danne komai. Falon tayil ne ko kafet?

Abban Sadiq:
Kafet ne da labule masu kauri, ta nan kam ba matsala. Na kawo maka na'urar gobe in sha Allahu.

Abban Sadiq:
Jama'a salamu alaikum, na dawo da rahoto bayan kwana tara. Injiniya ya goge idon ya sa sabon belt, na'ura ta tashi, Allah ya saka mashi. Kwafewa ta ɗauke ni dare biyar. Cikin 31 guda 27 sun fita lafiya lau, uku sun fita da ɗan kuskure a waƙar ƙarshe, ɗaya kau ko kaɗan ya ƙi, in ka ɗaga shi a haske kana hango ɗigo-ɗigo ta cikinshi.

Jiya bayan la'asar muka yi gwajin, ni da Auta da ƙanena, Baba ya juya kujera ya ba kayan baya. Na memorin nan duk sanda aka sa shi ko sakan goma ba a yi yake ɗaga hannu ya ce cire wannan. Tsakanin faifai da FLAC mun yi ta juyawa har sau takwas, wani lokaci ya ce wannan ne faifan ya dace, wani lokaci ya ce shi ne alhali FLAC ne, daga ƙarshe ya ce ku daina wahalar da ni duk ɗaya ne. Mai 320 ɗin ma bai iya ware shi ba, sau ɗaya dai ya ce kamar amshin 'yan amshi ya ɗan matsu amma da aka sake bai maimaita ba. Da muka mai da FLAC ɗin ta ɗan akwatin Bluetooth kuma ya gane, ya ce ya yi dama amma bai kai na ɗazu ba.

Autan Layout:
Ina wurin, kuma na janye maganata ta farko. Abin da ya ban mamaki ni kaina da na ji na memorin bayan na faifan sai na ji kamar an toshe mani kunne da auduga, alhali da can irinshi nike ji kullum ban damu ba. Na koma gida na duba saitin manhajojin da nike jin waƙa, ashe duk a kan mai tsimin data suke.

Dattijo Daura:
To alhamdulillahi. Amma ina roƙo kar a ce tunda waya ta yi daidai a kwashe faifan a kai sito. Dattijo in ya tashi ya zaɓi faifai da hannunshi, ya ga rubutun abokinshi a kai, ya goge ya sa, wannan ma cikin sauraren yake. A waya sai ya jira yaro ya zo ya nemo mashi.

Abban Sadiq:
Haka ne Baba, shi ma abin da ya ce kenan. Na'urar na nan a wurinta. Abin da na yi, na sayo faifai sababbi na ƙona mashi kwafin shidan da ya fi so daga FLAC ɗin, su zai riƙa sawa kullum, na asalin na jera su a gidajensu cikin durowa inda rana ba ta kai. Wayar kuma na bar kebul a jone saboda ranar da na'urar ta sake tsayawa.

Mai Shagon Turi:
Ni ma na buɗe wani folda daban a shago na masu nauyi, wanda ya zo da faifanshi ko kaset mai kyau zan kwafe mashi yadda Malam ya ce, in gaya mashi gaskiyar wurin da zai ci. Wanda ke son dubu a 2GB shi ma in gaya mashi abin da zai samu.

Malamin Fiziks:
Madalla. Abban Sadiq faifan nan da ya ƙi kar ka yar, ka gwada shi a wata kwamfutar daban, wani lokaci abin da wannan ido ya kasa wani na karantawa, ko da rabin waƙoƙin ne a tsira da su.

Abban Sadiq:
Na gwada a biyu Malam, saura ta ofis ɗin wani abokina ranar Litinin. Abin da ke ciki wasa ne da aka ɗauka a wani biki a Funtua, Baba ya ce yana wurin ranar, kuma duk memorin da na bincika ban iske shi ba. Baba na Daura, cikin gidajen nan da ka ce suna da kaset a akwati, ko za a dace?

Dattijo Daura:
Ka tambayi mahaifinka bikin wane ne da kamar wace shekara, ka turo mani ta akwatin sirri. Akwai mutum biyu da zan je ma da kaina bayan Juma'a.

Injiniya Mai Gyara:
In an samu kar a sa shi a kowace rediyo don Allah, tsohon zare ne yanzu ta cinye shi. A kawo mani shago, ina da dek ɗin da na canza ma belt da roba, da shi za mu ɗauka.